Sintirin Dare a Kasuwar Garinmu: Aikin da Muke Biya da Yadda Na Same Shi

A ƙananan garuruwan da ke jere a kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa, tsaron dare ya rataya ne a wuyan ɓangarori biyu. Akwai ofishin jandarmomi, wato birgad, wanda yake ƙarƙashin ma'aikatar tsaro kuma gwamnati ce take biyan ma'aikatansa, sannan akwai kwamitin 'yan sintiri, wanda mutanen gari suka kafa da kansu suke kuma ɗaukar nauyinsa daga aljihunsu. Ni ɗan kasuwa ne mai shagon hatsi da kayan masarufi a unguwar Hausawa ta ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa na jihar Arewa a ƙasar Kamaru, kuma ina cikin masu biyan kuɗin sintiri tun lokacin da aka fara karɓarsa. Tun da yake aiki ne da ake biya, ya halatta ga mai biya ya faɗi abin da ya samu, musamman yanzu da 'yan kasuwar wasu garuruwa maƙwabta suke tambayarmu ko su ma su kafa irinsa. Amsata ita ce su kafa, domin kuɗinmu bai faɗi a banza ba, amma su shata wa 'yan sintirin iyaka tun ranar farko, saboda duk alherin da na gani a wannan aiki ya zo ne daga tsaro da kamawa da miƙawa ga hukuma, duk ɓarnar da na gani kuma ta zo ne daga ranar da mai tsaro ya mayar da kansa alƙali.

Sintiri ba baƙon abu ba ne a arewacin Kamaru. Waɗanda suka yi fatauci a shekarun 1990 ba su manta da zamanin zargina ba, 'yan fashin da suke tare hanya ranar kasuwa su kwashe kuɗin masu shanu da na fasinjoji, kuma yaƙi da su ne ya kai ga kafa rundunar sojoji ta musamman mai suna BIR a 2001. Sai dai abin da ya ba kwamitocin sintiri matsayin da suke da shi a yau shi ne rikicin Boko Haram. Bayan da Shugaba Paul Biya ya shelanta yaƙi da ƙungiyar a birnin Faris a watan Mayun 2014, sannan 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bama-bamai a Fotokol da Marwa a watan Yulin 2015, hukumomi suka ƙarfafa wa jama'a gwiwa su kafa kwamitoci a unguwanni da ƙauyuka. A Kolofata da Amchide da kewayen Mora, mutane masu kwari da baka da adda sun sha tare masu ɗauke da bam kafin su kai ga kasuwa ko masallaci, kuma da dama daga cikinsu sun rasa rayukansu a kan haka, Allah Ya jiƙan su. Garinmu yana nesa da wannan iyaka, haka kuma bai shiga halin da makiyayan Mayo-Rey da kewayen Tuboro suke ciki ba na sace mutane don neman kuɗin fansa. Damuwarmu ƙarama ce idan aka kwatanta, amma ita ce take karya ɗan kasuwa: fasa shago, satar babur, kwance awaki da tumaki a cikin dare, da ɗebe buhunan masara da gyaɗa daga ɗakin ajiya bayan kaka.

Yadda aka tsara namu ya burge ni tun farko, kuma ina ganin shi ne ginshiƙin duk abin kirkin da ya biyo baya. Ba wanda yake shiga sintiri don ya ga dama. Jauron unguwa ne yake kawo sunan mutum bayan ya tabbatar da gidan da ya fito da sana'ar da yake yi da rana, lawan ya duba, a kai jerin sunayen fadar lamiɗo, daga nan ya wuce ofishin kantoma, a kuma ajiye kwafi a birgad. Saboda haka kowane ɗan sintiri yana da dattijon da ya tsaya masa, wanda za a je wa idan ya yi ba daidai ba. Ana karɓar sefa 1,000 a wata daga kowane shago, gidaje kuma suna ba da rabin haka, ban da gidajen marayu da na gajiyayyu waɗanda aka yafe musu. Kayan aikin ba su wuce tocila da usur da gora ba, sai riga mai ƙyalli da wayar hannu guda wadda take hannun shugaba. Suna fitowa bayan sallar isha'i idan kasuwa ta watse, ba sa tashi sai an kira assalatu, wasu a zaune a mashigan kasuwa da bakin tasha, wasu suna zagaya lunguna bibbiyu.

Babban abin da kuɗinmu yake saya shi ne sanin gari. Jandarman da aka turo daga kudu, komai ƙwazonsa, bai san cewa akwai wata ɓarauniyar hanya da take bi ta bayan mahauta ta faɗa rafi ba, bai san babur ɗin wane ne yake da irin wannan ƙara ba, bai kuma san cewa shagon Alhaji wane ba a taɓa buɗe shi da tsakar dare ba. Ɗan sintiri ya san duk wannan domin a nan aka yanke cibiyarsa. Amfanin wannan sani ya fi fitowa a watannin da ruwan madatsar Lagdo, inda ake samar mana da wuta, yake ja da baya, wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa, kasuwa ta yi baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai hasken tocilolinsu yana yawo a tsakanin rumfuna. Kafin a kafa kwamitin, da yawa daga cikinmu muna kwana a shago ko mu kwantar da yaro a ciki, abin da ba ya hana sata kuma yake jefa yaron cikin haɗari. Yanzu na daina, kuma maƙwabtana na layin hatsi sun daina.

Akwai wani dare da ya nuna mini ingancin aikin da kuma irin mutumin da ya kamata ya shugabance shi. Lokacin sanyi ne, manoma sun karɓi kuɗin audugarsu, kuɗi yana yawo a gari. Wajen ƙarfe biyu aka ji usur daga layin masu atamfa, wani ya amsa daga bakin tasha, wani daga ƙofar masallaci, kafin in sa takalmi in fito an riga an toshe duk mashigan. An kama wani saurayi da guntun ƙarfe a hannu, ya ɓalle kwaɗo ɗaya daga ƙofar shagon maƙwabcina yana kan na biyu. Nan da nan jama'a suka taru da sanduna, har na ji wata murya a baya tana neman a kawo taya da fetur. Shugaban sintirin, wani dattijo tsohon maharbi, ya zaunar da yaron a ƙasa a gabansa, shi kuma ya zauna a kan benci ya gicciya gorarsa a kan cinya, ya ce wanda duk zai taɓa yaron nan sai ya fara bi ta kansa. Wani matashi ya ce masa, “Baba, wallahi gobe za ka gan shi a kasuwa, sakin sa za su yi.” Dattijon ya ce, “Ɗana, mu kamawa aka sa mu, kuma mun kama. Idan an sake shi, Alhaji ya bi kadin ƙararsa, mu kuma mu je mu ba da shaida. Jini dai ba zai zuba a gabana ba.” Haka ya zauna bai motsa ba har mutane suka gaji da tsayuwa a cikin sanyi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da a ce wani mai zafin kai ne yake riƙe da shugabancin a wannan dare, da gari ya wayi gari da gawa, da kuma samarin unguwa da dama sun ƙare a kurkuku a kan kwaɗo biyu.

A daren ne kuma na ga raunin igiyar da ta haɗa sintiri da hukuma. Lambar gaggawa ta jandarmomi ita ce 113, ta 'yan sanda kuma 117, kuma ya kamata kowane mai gida ya san su, amma a ƙaramin gari abin da ya fi saurin aiki shi ne lambar wayar kwamandan birgad ko ta wanda yake gadi a daren, wadda take a wayar shugaban sintiri. An ɗaga kiran nan take, wannan kam ba zan rage musu ba. Isowar ce ta ɗauki lokaci mai tsawo, domin ma'aikatan ba su da yawa, yankin da suke kula da shi ya haɗa da ƙauyuka masu nisa, motar aiki guda ce, kuma a daren ba mai a cikinta. Daga ƙarshe ɗan acaba aka tura ya ɗauko jandarmomi biyu, mai shagon kuma ya biya kuɗin man. Wannan al'ada ta “kuɗin mai” ta daɗe, kuma ta ƙara nauyi tun 2023 da Najeriya ta cire tallafin fetur, farashin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da muke saya a kwalabe a bakin hanya ya yi tashin gwauron zabi. Na fahimci uzurin, amma ban yarda da sakamakonsa ba, domin ma'anarsa ita ce Alhaji mai shago zai ga jandarma a ƙofarsa, ita kuwa tsohuwar da aka kwance wa akuya ɗaya tilo sai dai ta yi haƙuri. Daga baya kwamitin ya ware wani kaso na kuɗin wata domin irin wannan fita, kuma na ɗauki wannan a matsayin gyara mafi amfani da aka yi, ko da yake nauyin gwamnati ne muka ɗora wa kanmu.

Da safe na raka maƙwabcin nawa birgad domin ba da shaida. Benci ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, mutane a jere kowa da damuwarsa, a ciki kuma tebur da babban littafi da ake rubuta duk abin da ya shigo. An karɓe mu da mutunci, an rubuta bayaninmu, an karanta mana kafin mu sa hannu. Amma komai da Faransanci ake yi, alhali yawancin waɗanda suke kan bencin Fulatanci ko Hausa suke ji, don haka sai wani ɗan sintiri da ya yi makaranta ya zama tafinta, yana cewa “Shef, ga abin da Alhaji ya ce,” yana juyowa ya ce “Alhaji, ga abin da shef ya tambaya.” Wannan hidima ce ta gaske wadda ba a lissafa ta cikin kuɗin wata, kuma tana sa talaka ya shiga ofishin ba tare da gabansa yana faɗuwa ba. Duk da haka akwai abin lura a cikinta, domin wanda ya kama mutum da dare bai dace ya zama bakin wanda ake zargin da safe ba. Ya kamata wanda ake tuhuma ya samu wani tafinta dabam, ko da malamin makaranta ne ko wakilin jauro.

Inda aikin ya fi gazawa shi ne a kan baƙo. Sanin garin nan da yake ƙarfin 'yan sintiri shi ne kuma yake sa su ɗauki duk fuskar da ba su sani ba a matsayin fuskar ɓarawo. Garinmu kuwa garin hanya ne: 'yan ci-rani daga Chadi suna wucewa neman aikin gona, samarin Mbororo suna kwana a bakin tasha idan za su kasuwar shanu ta Adumri ko sun fito daga kasuwar Lahadi ta Pitowa, direbobin manyan motocin siminti na Figil suna tsayawa su huta. Na ga wani yaro makiyayi da aka tsare a bakin tasha don kawai ba shi da katin ɗan ƙasa, aka zaunar da shi a rumfa har gari ya waye, aka kuma ce sai ya ba da na goro kafin ya tafi, ga shatar bulala a bayansa. Bai saci komai ba. Rashin kati a karkararmu ba alamar laifi ba ce, domin mutane da yawa ba su da ko takardar haihuwa da za su nemi katin da ita, wasu kuma sun shafe shekaru suna yawo da takardar wucin gadi suna jiran katin ya fito, sabon tsarin da aka fara a 2025 kuma sai an fara rajista ta intanet an biya sefa 10,000, abin da ba kowane makiyayi zai iya ba. Ban da haka ma, binciken takardu aikin 'yan sanda ne da jandarmomi, ba aikin ɗan sintiri ba. An kai maganar gaban lawan, aka cire mutum biyu daga kwamitin, aka mayar wa yaron kuɗinsa ta hannun arɗonsu, amma na san cewa ba kowane baƙo ne yake da wanda zai tsaya masa har a kai ga haka ba.

Abin da ya kamata kowane ɗan sintiri ya haddace shi ne cewa ita kanta hukuma doka ta ɗaure mata hannu a kan tsare mutum. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2005, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2007, ta ce tsarewar bincike a ofishin 'yan sanda ko na jandarmomi ba za ta wuce awa 48 ba, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka kuma sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ta kuma hana a fara irin wannan tsarewa ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai fa idan an kama mutum dumu-dumu yana cikin aikata laifin, ta kuma ba wanda aka tsare damar ganin lauyansa da iyalinsa. Idan wanda yake sanye da kakin gwamnati ba shi da ikon ajiye mutum yadda ya ga dama, to mai riga mai ƙyalli da usur ba shi da ikon ajiye kowa a rumfa ko na dare ɗaya a kan zato. Masu cewa hukuma tana sakin ɓarayi shi ya sa ake duka, su sani cewa dokar hukunta laifuffuka ta 2016 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a kan sata ta yau da kullum, ta kuma ninka shi idan an yi ta da makami ko da fasa ƙofa. Hukuncin ba ƙarami ba ne. Abin da yake kashe ƙara sau da yawa shi ne mu kanmu masu kaya: da zarar an mayar mana da buhunanmu, ko dangin yaron sun zo da dattawa suna ba da haƙuri, sai mu daina zuwa, shaidu su ɓace, a rasa abin da za a kai gaban alƙali.

Batun kuɗi shi ma yana buƙatar gyara, ko da yake ban zargi kowa da ci ba. Ana karɓa ne hannu da hannu, mai karɓa yana yin alama a wani ɗan littafi da yake aljihunsa, ba a ba mai biya rasit, ba a kuma karanta lissafi a bainar jama'a sai an matsa. Inda ba lissafi zato yana yawa, kuma na ga 'yan kasuwa masu gaskiya sun daina biya don wannan kawai. Yau kusan kowa yana da Orange Money ko MTN Mobile Money a wayarsa, saboda haka ba abin da zai hana a buɗe lamba guda ta kwamiti wadda mutum biyu za su riƙa sa ido a kanta, a kuma karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar fadar lawan bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata. Haka kuma ya kamata a rarrabe wa mutane tsakanin 'yan sintiri da ma'aikatan magajin gari masu kula da tsarin kasuwa da rana, waɗanda dokar shugaban ƙasa ta 2022 ta fayyace aikinsu, domin wasu 'yan ƙauye da suke kawo kaya ba sa bambance wanda yake da hurumin karɓar kuɗin rumfa da wanda ba shi da shi.

Akwai kuma wani ɓangare da mu masu biya ba mu cika son a taɓo ba, wato halin da su 'yan sintirin suke ciki. Yawancinsu 'yan dako ne da 'yan acaba da ƙananan manoma, waɗanda suke kwana a tsaye sannan su wuce neman abinci da safe, kuma abin da yake isa hannun kowannensu a ƙarshen wata bai kai kuɗin buhun masara ba. Mutumin da aka ba gora da iko a cikin dare, aka kuma bar shi da yunwa, an buɗe masa ƙofar karɓar na goro daga hannun baƙo, kuma wani ɓangare na alhakin yaron makiyayin nan yana wuyanmu mu da muke ƙorafi idan an ce a ƙara sefa ɗari biyu. A damina ba su da rigar ruwa ko takalmin roba, sauro kuma yana cin su a bakin rafi. A bara wani daga cikinsu ya samu sara a hannu lokacin da ya tare masu kwance tumaki, aka kai shi asibiti a Garwa, sai da aka zagaya da faranti a masallaci kafin a haɗa kuɗin ɗinki da magani, iyalinsa kuma suka yi makonni ba mai kawo musu cefane. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne balle a ce akwai wata hukuma da za ta biya shi diyya, kuma kwamitin ba shi da asusun da aka tanada domin irin wannan rana. Na gabatar da shawara a taron 'yan kasuwa cewa masu manyan shaguna su ninka abin da suke bayarwa, a ajiye ƙarin a asusun jinya wanda ba za a taɓa ba sai wani ya ji rauni a bakin aiki. Layin hatsi da layin atamfa sun amince, masu kayan gini da mahauta sun ce sai an fara ba su rasit da lissafin watannin baya, kuma lawan ya sa ranar da za a sake zama a kan maganar bayan sallar layya.